Alhaji, a Ina Lissafin Shagunanka Yake Kwana?



Akwai tambayar da muke so duk ɗan kasuwar da ya wuce shago ɗaya a cikinmu ya yi wa kansa yau da dare kafin ya kwanta. Idan aka wayi gari gobe babu kwamfutar da ke babban shagonsa, ko wuta ta cinye ta, ko ruwa ya tafi da ita, ko ɓarawo ya ɗauke, zai iya faɗin nawa yake bin mutane, nawa ake bin sa, da kuma kayan da suka rage a kowane sito? In amsar ita ce "sai na tambayi yaron nan", to da kai muke, Alhaji. Da kanmu ma muke, domin yawancinmu jirgi ɗaya ne ya kwaso mu.

Mun iya buɗe reshe, wannan babu mai ja. Wanda ya fara da rumfa ɗaya a Kasuwar Monday, yau yana da shago a Gamboru, wani a Baga Road, wani a Bulumkutu. Wasu sun tsallaka Damaturu da Fataskum da Biu, suna da yaro zaune a Kano yana yi musu sari a Kantin Kwari ko Singa. Masu kemis, masu kayan masarufi, masu gidan mai, masu makarantun kuɗi, masu na'urorin POS goma-goma, kowa yana faɗaɗawa. Bayan shekarun da garin nan ya gani, wannan abin a gode wa Allah ne.

Amma ku duba inda kuɗin yake tafiya ranar buɗe sabon reshe. Za a sa tayil, a sa ƙofar gilashi, a yi allon suna mai fitila wanda ake hangowa daga titi, a yanka rago a yi walima. Da an zo maganar abin da zai riƙe lissafin dukiyar, sai hannu ya ƙanƙame. Sai a nemo tsohuwar kwamfuta ta hannu, a kai wa wani ya zuba mata manhajar sata, a damƙa wa ɗan ƙanen Hajiya saboda "ya iya danne-danne". Kayan miliyoyi a kan kanta, amma bayanin kayan yana cikin na'urar da ba ta kai kuɗin allon suna ba.

Ba za mu kama suna ba, amma da yawa a cikinmu sun san abin da ya faru da wani ɗan'uwanmu mai shaguna huɗu. Yaron da ke kula masa da kwamfuta ne ya buɗe imel ɗin kasuwancin, shi ya sa lambar sirrin manhajar lissafi, layin wayar da saƙon banki ke shigowa ma da lambarsa ta NIN aka yi masa rajista. Shekara uku ana tafiya lafiya. Rana ɗaya suka saɓa a kan ƙarin albashi, yaro ya yi fushi ya bar gari ya kashe waya. Alhaji ya wayi gari da makullin shagunansa huɗu a aljihu, amma bai iya buɗe lissafin ko ɗaya ba. Masu cin bashi suka ji labari, wanda ake bi dubu ɗari uku ya ce shi dai a saninsa ɗari da hamsin ne. Sai da aka haɗa da dattawa da iyayen yaron aka yi sulhu, kuma har yau akwai kuɗin da bai dawo ba. Yaron bai kyauta ba. Sai dai wa ya miƙa masa wuyan dukiyar tun farko?

Da a wani gari ne, sai a ce mutane ba su taɓa gani ba. Mu a Maiduguri ba mu da wannan uzurin, domin a cikin shekara goma sha ɗaya an karantar da mu darasin nan sau huɗu, kowanne da bulala.

A ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, bayan 'yan kwanaki aka katse layukan waya gaba ɗaya. Mun tuna yadda mutum kan shiga mota ya bar jiha don kawai ya kira wanda zai turo masa kaya. A lokacin kasuwancinmu bai rataya da waya kamar yau ba, amma mun ji a jikinmu.

A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun wutar lantarki a kan hanyar Damaturu. Aka gyara a watan Maris, ko mako ba a yi ba aka sake tarwatsa su, muka cinye kusan shekarar a duhu. Wannan ne ya sa aka gina tashar wutar gas mai megawat 50 da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a ranar 2 ga Maris 2023. A wancan duhun kwamfutoci nawa ne suka mutu a shagunanmu saboda wutar janareto mai hawa da sauka? Kowa ya san nasa.

A daren 26 ga Fabrairun 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, Kasuwar Monday ta kama da wuta. Gwamna Zulum ya sanar da tallafin gaggawa na naira biliyan ɗaya, daga baya aka sake gina kasuwa. Gini ya dawo, wasu sun samu jari sun sake zuba kaya. Littafin bashin da ya ƙone a cikin durowa kuwa babu gwamnatin da za ta iya dawo da shi.

Sai daren 9 wayewar 10 ga Satumbar 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara talatin bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga Gwange da Fori da Gamboru, ya shiga Kasuwar Monday ɗin da aka gama gyarawa, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa. Rayukan da aka rasa su ne babban rashi, Allah Ya gafarta musu. Bayan ruwa ya janye, mun ga 'yan kasuwa suna shanya littattafai a rana, tawada ta narke, shafi ya manne da shafi. Mun ga masu ɗauke da kwamfuta cike da laka suna zagayen masu gyara, ana ce musu a yi haƙuri.

Sabis ya tafi, wuta ta tafi, gobara ta zo, ruwa ya zo. Me kuma muke jira mu gani? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu namu gemun ne ya kama, har sau huɗu, amma da yawanmu sun koma shagon da aka gyara, sun sayi wata kwamfutar guda ɗaya, sun ajiye ta a ƙasan kanta ɗin dai, sun sake damƙa wa yaro ɗaya.

Mun san amsoshin da ake bayarwa a majalisa, bari mu bi su.

Wani zai ce kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja babu kwamfuta, kuma sun yi arziki. Gaskiya ne. Amma ayarin goro ba tafiyar kara-zube ba ce. Akwai madugu, akwai jagaba, akwai malamin ayari mai riƙe rubutu. Sun san dukiyar da ta yi yawa ba a riƙe ta da ka. Tarihi ya nuna lokacin da aka buɗe banki a Kano a 1929, Alhassan Ɗantata ya kai kuɗinsa na azurfa a kan raƙuma ashirin ya ajiye. Bai ce kakansa a ƙasa yake binne kuɗi ba. Ya ga sabon tsarin da ya fi tsare masa dukiya, ya rungume shi. Wanda ke fakewa da kakanni don ya ƙi gyara, bai gaje su ba. Kuma mu tuna, mai rumfa ɗaya yana zaune a kan kayansa, idonsa ne lissafinsa. Mai shago a Baga Road da wani a Biu ba zai iya zama a wuri biyu ba. Ranar da ka buɗe reshe na biyu, ranar ka daina ganin dukiyarka da ido, ka koma ganinta ta bakin wani ko ta allon na'ura.

Wani zai ce tsada. A ƙirga mana. Nawa ake kashewa a man janareto a wata? Nawa ke zurarewa tsakanin sito da shago ba tare da an san inda ya shiga ba? Sau nawa aka karɓi alat na bogi a reshe saboda yaron da ke wurin ba shi da hanyar ganin asusu, sai hoton da mai saye ya nuna masa a waya? Sau nawa magani ya lalace a wannan kemis alhali ɗaya reshen yana mayar da masu nemansa? Wannan duk kuɗi ne muke biya kowane wata, sai dai ba a ba mu rasit, shi ya sa ba ya yi mana zafi. Araha ba ta ado. Kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, amma a zagaya shagunanmu a ga nawa ne har yau a kanta suke, kuma a kan wannan kwamfutar ce yara ke sauke fina-finai su soka kowane filash da aka kawo.

Wani zai ce ƙaddara ce, abin da zai same ka ba ya kuskure maka. Mun yi imani da haka. Amma wannan Alhajin da kansa yana sa kwaɗo uku a ƙofar sito, yana biyan maigadi, yana sa kyamara. Bai bar ƙofa a buɗe ya ce ƙaddara ba. Tun muna yara aka koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Rubutun da aka ajiye inda ruwan dare ɗaya zai shafe shi, ko aka kulle da lambar da mai dukiya bai sani ba, anya ya cika manufar rubutawa?

Wani zai ce shi bai yarda ya ɗora sirrin kasuwancinsa a intanet ba. Wannan tsoron yana da tushe, 'yan kutse da 'yan damfara gaskiya ne. Sai dai mai wannan maganar, in ka duba, duk yamma manajojinsa hoton littafin ciniki suke ɗauka su turo masa ta WhatsApp, a wayar da jikokinsa ke wasa da ita, wadda ko kulle ba ta da shi. Sirrin ya riga ya hau intanet, ta hanya mafi rauni. Dogaro da intanet kaɗai ma kuskure ne. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa a faɗin Najeriya. Darasin shi ne kada a dogara da wuri ɗaya, ko shago ne ko intanet.

Na ƙarshe kuma ya fi kowanne wuyar taɓawa: "Ai yaron ɗana ne, na yarda da shi." Babu wanda ya ce ɗanka ɓarawo ne. Amma ɗanka zai iya rashin lafiya, zai iya samun karatu a waje, za a iya fizge masa waya a Keke Napep, zai iya mantuwa. Kai ma, Alhaji, Allah Ya ja kwana, ba za ka dawwama ba. Gidaje nawa muka gani zumunci ya watse wajen rabon gado saboda ɗa ɗaya ne ya san abin da ke cikin shaguna, sauran 'yan'uwa da iyaye mata sai abin da ya faɗa? Ko da gaskiya ya faɗa, zargi ba zai bar shi ba. Tsarin da kowa zai iya dubawa kariya ce ga shi kansa yaron kirkin.

Don kada a ce ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ke samu, ga labarin Maersk, kamfanin jiragen ruwan Denmark wanda muke ganin kwantenoninsa a kan tireloli. A ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya, wadda ta faro daga Yukren, ta shiga kwamfutocinsa ta lalata su a ofisoshinsa na duniya cikin ɗan lokaci. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da sunaye da izinin shigar ma'aikata duk a haɗe suke da juna, don haka tare suka mutu. Guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Ghana, kuma abin da ya cece ta shi ne an ɗauke wuta kafin harin, ta kasance a yanke daga sauran. Aka ɗauko kwafin bayanan, aka biyo da shi ta Najeriya zuwa Ingila, da shi aka sake tayar da kamfanin. Sai da suka sake zuba manhaja a kwamfutoci 45,000, asarar kuma ta kai kusan dala miliyan 300. Kamfani mai injiniyoyi ɗaruruwa, kwafi ɗaya da ke ajiye nesa ne ya tsamo shi, shi ma bisa dace. Mu da ba mu da injiniya ko ɗaya, a kan wane dace muke jingina?

Yanzu bari mu juyo kan 'ya'yanmu da ƙannenmu masu aikin kwamfuta, domin ba za mu yi wa iyayen gida faɗa mu ƙyale ku ba. Wasunku da gangan suke riƙe lambar sirri don kada a iya sallamarsu. Wasu sukan sayar wa Alhaji manhajar da suka kwafo kyauta a matsayin ta kuɗi. Wasu su haɗa waya a shago kamar saƙar gizo, babu alama babu rubutu, yadda duk wanda ya zo bayansu sai ya warware komai ya faro daga farko. Wasu a kira su sau goma ba su ɗaga ba sai ranar karɓar kuɗi. Wannan cin amana ne, kuma shi ke sa dattawa suna ɗaukar duk mai wannan sana'a ɗan wayo. Ƙwararre na gaskiya shi ne wanda in ya tafi yau, wani zai ɗauki takardar da ya bari ya ci gaba da aiki gobe.

Ku ma iyayen gida, ku daina ɗaukar mai kula da kwamfuta a matsayin yaron aike. Shi ne mai gyaran firinta, shi ne mai sayo kati, shi ne mai saita wa Hajiya talabijin, shi ne mai kai yara makaranta in direba bai zo ba, albashinsa kuma bai kai na mai jiran kanta ba. Mutumin da ke riƙe da makullin lissafin shaguna biyar ba a yi masa haka. Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat suna yaye matasan da suka karanci kwamfuta duk shekara, ga kuma waɗanda suka shiga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023. Masu kyau a cikinsu suna tafiya Abuja da Legas ko ƙungiyoyin agaji, saboda mu ba mu ɗauki aikinsu aiki ba. Sannan mu zauna muna cewa babu ƙwararru a gari.

To me muke nema a yi? Babu wanda ya ce a sayo na'urorin banki. Abubuwa ne da mai shago biyu ma zai iya.

Na farko, komai ya koma sunan kasuwanci. A yi rajista da hukumar CAC, a buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, kowane reshe da na'urar POS ɗinsa da ke zuba kuɗi a wannan asusun. A daina karɓar taransifa a asusun yaron shago da sunan "zai turo da yamma". Layin da saƙon banki da lambobin tabbatarwa ke shigowa ya kasance da rajistar mai dukiya, kuma a riƙa amfani da shi, domin layin da aka daɗe da yasarwa kamfanin waya yakan sake sayar wa wani. Imel ɗin kasuwanci da shafin Facebook da lambar WhatsApp ta kwastomomi, duk mai dukiya ne zai zama babba a kansu.

Na biyu, kowa da makullinsa. Mai karɓar kuɗi ya shiga manhaja da sunansa, manaja da nasa, mai sito da nasa. Mai sayarwa kada ya iya goge ciniki ko canza farashi. In mutum shida suna shiga da lamba ɗaya, ranar da kuɗi ya ɓata babu wanda za a kama, kuma kowa ya zama abin zargi. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a rufe shigarsa a ranar, kamar yadda ake karɓe makullin ƙofa. Manyan lambobin sirri kuwa a rubuta su a takarda, a sa a ambulan a manne, a ajiye inda ake ajiye takardun gida da na fili, mutum biyu amintattu su san wurin.

Na uku, kwafi uku. Ɗaya a kwamfutar da ake aiki, ɗaya a faifan ajiya da ake cirewa a tafi da shi wani wuri, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Ambaliyar Alau ta koya mana cewa "wani wuri" ba shagon maƙwabci ba ne. Wanda shagonsa ke Gamboru kuma gidansa ke Gwange, ruwa ɗaya ne ya ci duka biyun. Mai reshe a Damaturu ko Biu ya riga ya samu wurin ajiya kyauta. Sannan duk wata a gwada buɗe kwafin a wata kwamfutar a gani ko yana aiki. Da yawa sai ranar bala'i suke gano cewa faifan da suke taƙama da shi ya shekara bai kwafi komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, a sayi abin da ya dace da Maiduguri. Duk mai tallar manhaja da ya zo daga Legas ko Abuja, tambaya ta farko ita ce: in babu sabis kwana uku, za a iya ciniki da ita, ta tura bayanan daga baya in sabis ya dawo? In ya ce a'a, a sallame shi da mutunci. Ta biyu: in mun rabu da ku, za mu iya fitar da bayananmu mu tafi da su? Kowane reshe ya samu layin kamfanoni biyu daban, in MTN ya faɗi a koma Airtel ko Glo. Mai ƙarfi, musamman mai reshe a garin da sabis ke wahala, ga Starlink da ya fara aiki a Najeriya tun Janairun 2023. Kwamfuta da na'urar raba intanet a ɗora su a kan sola da inbata, kada a jona su kai tsaye da janareto. A ɗaga su sama daga ƙasa, a sa su inda iska ke shiga, domin zafin Afrilu da Mayu a garin nan yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe na'ura. Kuma a ajiye littafin rasit na takarda a kowane reshe don ranar da komai ya tsaya.

Na biyar, rassa su zama iri ɗaya. Manhaja ɗaya, sunan kaya ɗaya, farashi daga wuri ɗaya. In a wannan shago an rubuta "shinkafa babba", a wancan "shinkafa 50", a na uku sunan kamfani, babu na'urar da za ta haɗa maka jimilla. Kayan da suka fita daga sito zuwa reshe a rubuta fitarsu, a can ma a rubuta shigarsu, a gwada biyun duk mako. A wannan tsakanin ne mafi yawan ɓarna ke faruwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na shida, a yi yarjejeniya a rubuce da mai kula da na'urori: abin da zai yi, cikin awa nawa zai zo in an kira, nawa za a biya shi, da sharaɗin cewa zai bar jerin duk na'urori da lambobinsu da yadda aka haɗa su a hannun mai dukiya. Masu makarantu da kemis da ɗakunan gwajin jini su ƙara sani cewa tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, da hukumar da ke kula da ita. Sunayen yara da lambobin iyayensu da sakamakon gwajin marasa lafiya amana ce da doka ta ɗora muku, ba abin bari a kwamfutar da kowa ke taɓawa ba.

Mu ma a ƙungiyance akwai namu laifin. Muna tara kuɗi in gobara ta tashi, muna zuwa jaje, muna raba shinkafa, kuma hakan alheri ne. Amma ba mu taɓa zama sau ɗaya mun koya wa junanmu yadda za a rage asarar tun kafin ta zo ba. Mai shago biyu ba zai iya ɗaukar ƙwararre shi kaɗai ba, amma mutum goma za su iya haɗa kuɗi su ɗauki ɗaya ya riƙa zagaya su. Za mu iya tantance matasanmu masu wannan sana'a, mu san na kirki, mu tsaya musu, wanda ya ci amana kuma mu sanar da juna. Muna kira ga shugabanni da su sa wannan a ajandar taro mai zuwa, a gayyato matasan su zo da kwamfuta su nuna wa iyayensu a aikace, da Hausa, ba da turancin burga ba.

Mun san wasu za su ji zafin wannan rubutu, su ce yara sun fara koya wa manya kasuwanci. Ba mu isa ba. Ku kuka san sari, ku kuka san kwastoma, ku kuka riƙe kasuwannin garin nan a shekarun da mutane ke gudu. Don mun san wahalar da aka sha kafin a tara ne muke magana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Gobe da safe, kafin a buɗe ciniki, Alhaji ya kira yaron nan ya zaunar da shi, cikin mutunci ba da tuhuma ba, ya ce masa: rubuta mini duk lambobin sirri a takardar nan, nuna mini inda kwafin lissafinmu yake, buɗe shi in gani. In an buɗe an gani, alhamdulillahi. In kuma aka fara kame-kame, gara yau da ranar da ruwa ya kai gwiwa.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da rayukanmu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya zaunar da Borno lafiya. Wanda ya karanta ya tura wa uban gidansa.